Ranar da Muka Auna Gudun Ruwa

Ina da shekara ashirin da uku aka mayar da ni koyarwa a garinmu. Ƙauye ne babba a gaɓar Bahar, kamar yadda muke kiran kogin, kudu da Mai Wurno. A lokacin ba a daɗe da buɗe makarantar wusɗa a cikinsa ba, wato ta tsakiya, wadda yaran ƙauyuka huɗu ke zuwa. Ni kaɗai ne Bahaushe a cikin malaman. Na dawo da farar riga mai aljihu, da alƙalami biyu a aljihun, da agogon hannu mai tsinken sakan wanda nake yawan dubawa ko ba na neman sanin lokaci. Darasin ulum aka ba ni, wato kimiyya. Ina ji da kaina ƙwarai, kuma wannan ji da kan ne ya sa na faɗa wa mahaifina maganar da har yau take ci mini rai.

Baba manomin auduga ne. Yana da hawasha, gonar da ake yanka wa mutum ya noma a ƙarƙashin mai aikin ban ruwa. Wani attajiri da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba ne ya kafa inji a bakin kogi. Injin ya ja ruwa ya zuba a babbar tur'a, wato magudanar ruwa da aka haƙa, tur'ar ta bi ta bayan gari, a nan ta rabu biyu ta cikin bututun ƙarfe guda biyu. Reshen gabas ya nufi gonakin wakilin attajirin da na danginsa. Reshen yamma ya nufi namu, mu Hausawa. Shekara uku a jere, da zarar damina ta ɗauke, sai audugar yamma ta fara zubar da fure tana yaushi a tsaye. Dattawa su je wurin wakili su ce ruwa ba ya isa. Shi kuma ya hau farin jakinsa ya zo ya tsaya a kan gaɓa, ya nuna da bulala, ya ce ga tur'a nan cike har baki, me kuma ake nema? In ka duba, cike take kuwa. Daga nan sai ya ce lalaci ne, ba a cire ciyawa, ba a fita da wuri.

Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Wata la'asar Baba yana zaune a zaure yana gyara ƙotar fartanya, yana maimaita kukan ruwan nan, sai na ce masa, "Baba, bututun nan biyu girmansu ɗaya. Injiniya ne ya dasa su. Ruwa bai san Bahaushe ba, bai san Balarabe ba. Ku dai ku gyara aikinku."

Bai ɗago kai ba. Ya ci gaba da fere itacen, can ya ce, "To, ustaz. Mun jiya."

Tun daga ranar ya daina yi mini zancen gona.

Bayan ɗaukewar ruwan sama da kamar wata guda muka kai babin motsi a aji na uku. Littafin cike yake da jiragen ƙasa. Jirgi ya tashi daga birni kaza da ƙarfe kaza, ya isa birni kaza da ƙarfe kaza, nemo gudunsa. Yara arba'in da 'yan kai ne a gabana, kuma in ka cire waɗanda suka taɓa zuwa birnin Sinnar, sauran ba su taɓa ganin jirgi ba. Amma hadda kam ba a fin su. Na rubuta ƙa'idar a allo, kafin in juyo sun ɗauke ta da waƙa: "Assur'a tusawi almasafa ala azzaman." Ma'anarta, gudu shi ne nisan da abu ya yi, a raba shi da lokacin da ya ɗauka. Suna rerawa suna kaɗa kai har tagogi na amsawa.

Da na gaji da waƙar, na tambaye su da Larabci. Jaki da raƙumi sun bar nan tare za su kasuwa, raƙumi ya riga isa. Wane ne mai sur'a mafi yawa? Aji ya yi tsit. Na sake tambaya. Wani a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Jirgin ƙasa." Ba wanda ya yi dariya, don su ma jira suke su ji ko ya dace.

Na buga tebur har alli ya faɗi. Sannan na yi abin da aka hana, na ce da Hausa, "Kai jama'a! Jaki da raƙumi, wa ya fi gudu?"

"Raƙumi!" Duk ajin, baki ɗaya.

A makarantar nan duk harshen da ba Larabci ba ruɗana ake ce masa, kuma yaron da aka kama yana ruɗana bulala biyar ce hakkinsa. Nazir, wato shugaban makaranta, wani siririn mutum ne daga arewa, mai tsabta, mai zuwa aiki kafin kowa. Ya ji ihun, ya leƙo ta taga, ya dube ni, ya wuce.

Cikin makon na fara fitar da darasin daga littafi. Na kawo ƙwallon tsumma na gangara ta a kan simintin baranda, ta yi nisa. Na gangara ta a kan yashi, ta tsaya nan kusa. Na ce musu abu mai tafiya ba ya rage gudu don ra'ayin kansa, sai in wani abu ya tare shi ko ya ja shi baya, kamar yadda yashi ya riƙe ƙwallon. Na ga idanunsu sun fara buɗewa. Sai na je ofishin nazir na nemi izinin fita da su ranar Alhamis mu auna gudun wani abu na gaske.

Ya ce, "Ina?"

Na ce, "Tur'a, nan bayan makaranta."

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "Ka je. Amma da Larabci."

Allah ya sani, ba don komai na zaɓi wurin da tur'ar ta rabu ba sai don shi ya fi kusa da makaranta. Mun ɗauki igiya mai mita ashirin, da karan dawa da muka yanka gutsi-gutsi kamar tsawon yatsa. Muka fara da reshen gabas. Yara biyu suka miƙe igiyar a gaɓa, ɗaya ya saki kara a ruwa daidai farkon igiya, ni kuma ina duban agogo. Sauran suka bi karan da gudu suna ihu kamar ana tseren dawaki. Sakan arba'in ya kai ƙarshe. Suka durƙusa suka yi rabawar da yatsa a ƙasa. Rabin mita a kowane sakan. Wanda ya ce mini jirgin ƙasa shi ya fara samo amsar, ya tashi yana tsalle. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar a wannan ɗan lokacin ba.

Sai muka tsallaka reshen yamma don su ƙara gwadawa. Faɗinsa ɗaya da na gabas, muka zura sanda muka ga zurfin ma kusan ɗaya ne. Aka saki kara. Ya yi kamar ba zai tafi ba. Ya juya, ya ɗan matsa, ya sake juyawa. Ba wanda ya yi gudu, takawa kawai suke a hankali a gefensa. Tsinken agogona ya zagaya sau biyu, ya ƙara sakan arba'in, sannan karan ya kai.

Na ce, "Kun yi kuskure. Iska ce. A sake."

Babu wata iska. Muka sake har sau biyar, muka koma gabas muka sake sau biyu. Ruwan gabas ya ninka na yamma gudu sau huɗu. Ihun ya mutu. Yawancin yaran nan iyayensu a yamma suke noma, kuma ba sai an fassara musu ba.

Akwai wani ɗan maƙwabcinmu, shi ne babba a ajin, har gashin baki ya fara fito masa. Ya tsaya a gabana da jiƙaƙƙen kara a hannu, ya ce da Hausa, "Ustaz, kai kac ce muna abu ba shi rage gudu sai wani abu ya tare shi. To mi at tare namu?"

Na ce, "Ciyawa."

Duk suka juya suka dubi tur'ar. Iyayensu sun share ta tas, har laka na ƙyalli a gefe. Ta gabas ce ma ke da ciyawa, tana kwance a ruwa tana kaɗawa. Na daka musu tsawa na ce a naɗe igiya a koma aji, kuma duk wanda na sake jin ruɗana a bakinsa zai sha bulala. Kunya ce ta kama ni, na huce a kansu.

A hanyar komawa na gane abin da ke sa tur'ar yamma ta cika ido. Shimfiɗe take kusan babu gangare, ƙarshenta kuma a datse. Ko ruwa kaɗan ke shiga, sai ya taru ya kwanta har baki. Shi ya sa iyayenmu ke buɗe wa gona ɗaya bayan ɗaya, kowa na jiran layi, kafin layi ya zagayo kan mutum audugarsa ta galabaita. Wakili yana nuna musu cikar ruwa, su kuma tafiyarsa suke kuka da ita, ba su dai da lambar da za su ɗora a kan maganar. Shekara uku suna faɗin gaskiya. Ni da na yi karatu na ce su gyara aikinsu.

Kafin la'asar labari ya shiga kowane gida. Na dawo na tarar da dattawa shida a zaurenmu, Baba yana tsakiya. Na gaishe su na durƙusa.

Baba ya ce, "Ustaz, an ce ka auna ruwa."

Na ce, "Na auna, Baba."

"Mi ka gani?"

Na faɗa musu. Na ce bututu biyu masu girma ɗaya, suna sha daga tur'a ɗaya, bai kamata ɗaya ya ba da kashi ɗaya cikin huɗu na ɗan'uwansa ba. Akwai abin da ke cikin namu. Na buɗe baki zan ƙara da neman gafara, Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce gobe bayan Juma'a za a je a gani.

Washegari aka sauko daga masallaci, rabin gari ya nufi mararrabar tur'a. A can muka sami gafir, mai gadin ruwa. Bahaushe ne, tsoho mai ciwon baya, ɗan'uwan mahaifiyata ne na nesa, Kawu nake ce masa. Da ya ga taron sai ya sha gabanmu yana ɗaga hannuwa.

"Don Allah ku koma. Ku bari a yi magana da wakili. Ɗana, kai mai ilimi ne, kar ka shiga ruwan nan."

Ban ko dube shi ba. Na cire agogo na miƙa wa Baba, na tuɓe riga na shiga. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Bakin bututun yana ƙasa, sai da na ja numfashi na nutse. Na lalubi ƙarfen, na zura hannu ciki har kafaɗa, na taɓa wani abu mai kaushi. Buhu ne. Na taso na ce a ba ni igiya da ƙugiya.

Mun fi awa guda muna fama. Akwai turken ƙarfe da aka gicciya a ciki don kada ruwa ya tafi da kayan, sai da samari biyu suka shigo muka girgiza shi ya fita. Buhu uku muka jawo, cike da yumɓu, an ɗaure bakinsu da waya. Da na ƙarshe ya fito, ruwa ya ja ni har na bugu da bakin bututun, na fasa gwiwa. Ta ɗaya gefen kuwa ya fita da ƙugi, ja wur da laka, yana tura kumfa gaba.

Mutane suka ɗauki salati. Wani tsoho ya tsaya a kan buhunan yana tsine wa wanda ya sa su, har muryarsa ta shaƙe. Mata da suka biyo baya suna daga nesa suna tafa hannu. Yarana kuma, ba tare da na ce musu komai ba, sun riga sun miƙe igiya. Na fito jini na bin ƙafata, na karɓi agogo, aka saki kara. Sakan arba'in da biyar.

Baba bai yi salati ba, bai yi tsinuwa ba. Ya zauna a kan gaɓa ya zura ƙafafunsa cikin ruwan yana kallonsa. Da na waiwaya neman Kawu, ba ya wurin.

Ranar Asabar muka tafi ofishin wakili, ni da Baba da dattawa huɗu. Na zana jadawali a takarda da rula, da kyakkyawan rubutu: nisa, lokaci, gudu, gabas da yamma, kafin cire buhu da bayan cirewa. Na ɗauka duk wanda ya ga wannan takarda ba shi da ta cewa. Wakili ya bar mu a tsaye a rana har ya gama shan shayi. Da muka shiga, bai ce mu zauna ba. Ya karɓi takardar da yatsu biyu ya karanta, ya dube ni.

"Da me ka auna?"

"Da igiya da agogo da karan dawa."

Ya fashe da dariya, ya kira magatakardansa ya ce ya zo ya ji, an auna ruwan aikin ban ruwa da karan dawa. Magatakarda ma ya yi dariyar da ake so ya yi.

Na ce, "Buhunan fa? Su ma karan dawa ne?"

Ya ce bai san zancen buhu ba. In an sami buhu, to gafir ne ya sa, kuma gafir ɗin namu ne, mu je mu tambaye shi. Abin da shi ya sani shi ne an taru an shiga kayan aikin mutane ba izini, an cire ƙarfe daga bututu, kuma wannan laifi ne. Sannan ya jingina da kujera, ya bi dattawan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "A cikinku wa ke da jinsiya?"

Jinsiya ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Ya san sarai yawancin tsofaffinmu ba su da ita, don in sun je nema sai a ce su kawo shaidar kakan kakansu. Ya ce mutanen da suka taso za su Makka suka maƙale a hanya, aka yi musu alheri aka ba su ƙasa suna ci, ya kamata su san iyakar bakinsu.

Kakana a garin nan aka binne shi. Baba yana saurayi ya ɗauki dutse a ka a aikin madatsar ruwa ta Makwar har gashin tsakiyar kansa ya ƙare bai sake fitowa ba. Ga shi tsaye a gaban wani da bai kai ƙaninsa ba, ana tambayarsa takarda. Ban san lokacin da na daki teburin ba. Kofin shayi ya kife a kan jadawalina. Na ce masa ɓarawo, da Larabci, da kalmar da ba ta da wata fassara. Na ce ya saci ruwan mutane shekara uku sannan ya kira su malalata. Na ce in takarda yake so, ga takarda nan a gabansa, ya ƙaryata lamba ɗaya a ciki in ya isa.

Baba ya kama wuyan hannuna. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ce, "Fita."

"Baba, ka ji abin da ya ce?"

"Na jiya. Fita."

Na fita. Ta taga ina jin dattawan nan, waɗanda aka zalunta, suna ba shi haƙuri saboda rashin kunyar yaro. Na tsaya a rana, ban san da wa na fi fushi ba, da shi ko da su ko da kaina.

Kwana uku bayan haka nazir ya kira ni. Akwai takarda a gabansa, bai ba ni na karanta ba. Ya ce an kawo ƙara na fita da ɗalibai ba da izini ba, na koyar da ruɗana, na sa yara cikin rigimar da ba ta shafi makaranta ba.

Na ce, "Ba da izini ba? A nan na tsaya, a kan wannan tabarmar, ka ce in je."

Ya gyara alƙalamansa a kan tebur, ya jera su daidai. Ya ce, "Ban tuna ba."

Wannan ta fi ta wakili yi mini ciwo. Wakili ɓarawo ne, ya san abin da yake karewa. Wannan kuwa malami ne, ya san ƙa'idar da na koyar daidai ce, ya san lambobin daidai ne, kuma bai ko tambaye ni su ba. Na ce masa ya zo mu je tur'a yanzu, ya riƙe agogon da hannunsa. Ya ce shi aikinsa makaranta ne. A ɗakin malamai kowa ya sunkuyar da kai a kan littattafan da yake dubawa. Mutum ɗaya, malamin lissafi, ya biyo ni waje ya ce a hankali aikin da na yi mai kyau ne, sannan ya waiga ya koma ciki da sauri.

Kafin wata ya ƙare takardar canjin wuri ta zo. An tura ni wata makaranta can yankin Dindir. An kori Kawu daga gadi. An kawo maƙera suka sa wa kowane bututu ƙofar ƙarfe mai hawa da sauka, da kwaɗo, mabuɗi kuma a aljihun wakili. Ruwa ya yi gudu a yamma mako uku, lokacin furen da zai zube ya riga ya zube. Daga nan ƙofar ta fara sauka kaɗan kaɗan.

Ana gobe zan tafi na je gidan Kawu da hantsi. Na same shi kwance a kan tabarma a gindin bango, ya sa matashi a ƙarƙashin ƙugu. Na yi sallama, ya amsa ciki-ciki. Ni da niyyar faɗa na je, don har lokacin ina ganin ya ci amanar danginsa.

Na ce, "Kawu, me ya sa?"

Ya ce, "Kai da ka iya awo, auna mini. Buhu ukun nan, mutum nawa kunka taru kahin ku jawo su?"

Ya dafa ƙugunsa ya ci gaba.

"Da wanga bayan nawa zan ɗauke su? Kowace shekara in ruwan sama ya ɗauke, wakili shi ka turo mutanensa su sa. Ni an ce in tsare, in na yi magana a kore ni." Ya yunƙura ya tashi zaune da ƙyar. "Amma kai ba ka san wani abu ba. Duk ran da na ga ya tai Sinnar, ni ka kiran ɗana mu karkata buhu guda, ruwa ya wuce kwana biyu, mu maida kahin ya dawo. Da wannan kuka samu ɗan abin da kuka samu. Yanzu fa? Je ka karkata kwaɗo."

Na ce ai da ya faɗa wa mutane tun farko.

"In faɗa, su yi mi? Su tai ofis a tambaye su jinsiya? Ai kun tai." Ya koma ya kwanta ya juya fuska ga bango. "Na ce maka kar ka shiga ruwan nan."

Na fito, kuma har ya rasu bai sake yi mini magana mai tsawo ba. Ban yarda ya yi daidai ba, har gobe. Amma ni ma ban kawo wa kowa ruwa ba.

Shekarar da ta biyo aka karɓe hawashar Baba da ta dattawa huɗun da suka raka mu, aka ce amfanin gonarsu bai kai yadda ake so ba. Labarin ya same ni a Dindir cikin wasiƙar da ƙanena ya rubuto. Da na zo hutu lokacin tsinkar auduga, na tarar Baba ya fita tun da safe. Na bi shi. Na same shi a gonar da ya sare kututturanta da hannunsa, rataye da buhu a wuya, yana tsinka wa sabon mai ita. Ya gan ni, ya ce rana ta yi zafi, in koma gida kada rigata ta ɓaci. Na tuɓe rigar na karɓi buhun. Muka yi layi biyu tare.

Daga cikin yaran ajin nan, da yawa iyayensu sun cire su a shekarar, wasu don babu gona babu abin riƙe su a makaranta, wasu don sun ga abin da karatu ya jawo. Babban nan mai gashin baki yana cikinsu. An ce mini har zuwa lokacin da ya bar garin, duk lokacin da ƙofar yamma ta sauka yakan je da kara ya saki, yana ƙirga da baki tunda ba shi da agogo, ya dawo ya faɗa wa mutane lambar. Ba abin da lambar ta canza.

Shekaru da yawa bayan haka, lokacin da aka tsallake ni a ƙarin girma karo na biyu, na je ofishin ilimi na lardi neman dalili. Magatakardan ya san ni, ya ji tausayina, ya ɗauko fayil ɗina ya buɗe a kan kanta, ya juya mini shi ya yi kamar yana neman wani abu a aljihun tebur. Takardar nazir tana ciki, ta yi ja don daɗewa, da rubutunsa mai tsabta. Layi huɗu ce. Ta ce malamin nan ba shi da ladabi ga manya, yana da son kabilanci, kuma yana ɓata lokacin ɗalibai da wasan ruwa.

Na karanta sau biyu. Na ce a ba ni kwafi. Ya ce ba a bayarwa. Na ce to a ba ni farar takarda in rubuta abin da ya faru a haɗa da ita, ko shafi ɗaya ne. Ya rufe fayil ɗin a hankali, ya ɗaure shi da zarensa, ya ce wannan ma ba a yi, kuma akwai mutane a bayana suna jira.